Lemo Ne, Gwaggo

Masu karatu, wasunku sun rubuto suna ƙorafi cewa na cika yabon kaina. Na koma na duba abin da na rubuta, na ga ba ƙazafi suka yi mini ba, kuma ina ba su haƙuri tun yanzu, domin na yau zai fi na kullum.

Ga wanda yau ya fara zama da mu: sunana Elisabet Istifanus. A watan Janairu na shekarar 1994 ina da shekara ashirin da shida, ina aikin akawu a ofishin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Manhattan, ina kuma zaune da yayata Susana a hawa na uku na wani tsohon gida a Stapleton. Susana nas ce. Tun da Baba ya rasu ta ɗauki aurar da ni a matsayin aikinta na biyu, wanda babu mai biyanta, amma ta fi yin sa da himma.

Wanda take so in aura ni ma ina son sa. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don kada wani ya tanadar mini hawaye. Toma yana aiki a wani kantin magani a Bronx. Dogo ne, mai wushirya, shi ke bi da mawaƙan maza a ikilisiyarmu, kuma shi ne namiji na farko da ya lura ba ni da safar hannu a lokacin sanyi, ya sayo, ya miƙo mini a bakin feri, jirgin ruwan da nake shiga zuwa aiki, ba tare da ya yi wa'azi a kai ba. Abu ɗaya ya rage tsakaninmu da aure: gwaggonsa Tagwai, wadda ta goya shi tun yana jinjiri, ta zo daga Malumfashi don ta gan ni da idonta. Ita ce shugabar Zumuntar Mata ta gundumarsu. Toma ya gaya mini cewa tun ranar da aka yi mata baftisma, shekara ashirin da biyar ke nan, giya ba ta taɓa leɓenta ba, ba ta kuma zama a ɗakin da ake shan ta. Ya ƙara da cewa idan Gwaggo ta ce a'a, babu wani dattijo a danginsu da zai ɗauki goro ya nufi Bukuru wurin namu dangin.

Muna da na'urar ɗaukar saƙon waya, irin mai ɗan kaset a ciki. Susana ta raɗa mata suna Akawu, wai don tana ɗaukar duk abin da aka faɗa ba tare da ta fahimci ko ɗaya ba. Na gane inda aka dosa, na bar mata. Akawu tana da halaye biyu: tana ba kowa ɗan lokaci kaɗan sai ta yi ƙara ta katse shi, ko shi wane ne, kuma ba ta faɗin ranar da aka bar saƙo.

Ranar Asabar da safe Susana ta dawo daga aikin dare, ta danna Akawu tun kafin ta cire takalmi.

"Yaya Susana, barka da gida, Toma ne. Gwaggo ta huta, ta ce gobe da yamma za mu zo. Ki gaishe da Elisabet. Ki ce mata... to, ki dai gaishe ta."

"Gobe Lahadi ke nan," in ji Susana. Barcin da ke idonta ya tafi nan take. "Za ki ɗaura atamfar nan mai ruwan zuma, ba siket ɗinki na ofis da ke gaisawa da gwiwa ba. Ɗankwali a kwance, kada ki kafa shi kamar mai zuwa biki. Kada ki fara magana sai an tambaye ki."

"To, Yaya."

"Hoton Baba na kan bango, ki sauke shi, ki rataya wanda ya ɗauka a bakin majami'a."

"Me wannan ya yi?"

"Bai yi komai ba. Faranti ne a hannunsa."

"Farantin ne ya kai ki makarantar nas."

"Na sani. A can ne kuma na koyi cewa ba kowane ciwo ake buɗewa a gaban baƙi ba. Idan ta tambayi aikinsa, ma'aikacin kamfanin kuza ne. Ba ƙarya ba ce." Ta juya ta dubi taga, inda kwalabena na dafaffen lemo ke jere. "Waɗannan kuma lemo ne. Wancan abin da kike ɓoyewa a bayan garin tuwo, ba na son in san inda zai kwana, amma ba a gidan nan ba."

Dole in tsaya in gaya muku ko wane ne Baba, in ba haka ba za ku ɗauka taurin kai ne kawai, alhali taurin kai rabin abin ne.

Baba ya fara da boyi a gidan wani Baturen kuza a Bukuru, ya zama kuku, daga nan aka ɗauke shi a kulob ɗinsu ya zama mai haɗa musu abin sha. Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa kurɓa ba. Da hanci yake aunawa, da kunne. Kowace Asabar kuma shi ke share majami'armu tun kafin kowa ya tashi, amma ba a taɓa naɗa shi dattijon ikilisiya ba, saboda aikin nasa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Abin da ya ce mini sau ɗaya shi ne, "Lisa, duk abin da hannunki ya haɗa, bakinki ya iya faɗin sunansa."

Shi ya koya mini mamaled, wato ɓawo da ruwan lemo mai ɗaci da ake dafawa da sukari har su yi kauri kamar zuma, Turawa suna shafawa a burodi. Ina tsaye a kan turmin da aka kife, yana nuna mini yadda ake yanka ɓawon siriri kamar zare. Da ya yi ritaya suka ba shi gwangwanin girgiza abin sha, na farin ƙarfe mai murfi. Da ya rasu, yayyena maza suka raba keke da rediyo da gona, ni kuma na ɗauki gwangwanin, kowa ya yi murna da wautata.

A New York lemo mai ɗaci ba ya zuwa sai a tsakiyar sanyi, a wani kanti na mutanen Karebiya a Port Richmond. A makon nan na sayo, na dafa, na jera kwalabe a taga suna shan ɗan hasken da ake samu. Asabar ɗin nan kuwa ita ce ranar da Baba ya cika shekara huɗu da rasuwa. A irin wannan rana nakan buɗe kwalbar farko ta sabon mamaled, in haɗa abin shan da ya fi alfahari da shi, in zauna a gaban hotonsa in sha. Ni, ba kamarsa ba, ina sha: kofi ɗaya, a zaune, da rana, idan na ga dama. Toma ya sani. Sau uku na haɗa masa, sau uku ya lumshe ido ya ce ko a kantinsu babu mai awo kamar ni.

Da azahar Susana ta tashi ta tafi Harlem sayen daddawa da kuka da busasshen kifi, don miyar baƙin gobe. Na rufe ƙofa. Ina sanye da wandon jins da wata tsohuwar suwaita mai huda a gwiwar hannu, kaina babu ɗankwali. Hoton Baba yana nan inda yake, da farar rigarsa mai maɓallai har wuya, da farantinsa. Na ce a raina, gobe ma rana ce.

Ga yadda ake yi, ga mai son sani. Da farko a cika kofin gilashi mai dogon wuya da ƙanƙara, a ajiye shi gefe ya yi sanyi. A ɗebi mamaled cokali ɗaya mai tozo a zuba a gwangwani, a bi shi da jin, wato farar giyar nan ta Turawa mai ƙamshin itatuwa, ma'auni biyu. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Baba ya ce mamaled kamar tsoho ne, ba a girgiza shi sai an lallashe shi. Sai a juya da cokali a hankali har ya narke, ɓawon ya saki jiki. Sannan a matse lemon tsami, rabin ma'auni, a tsame 'ya'yan. A zuba ƙanƙara, a rufe, a ɗaga gwangwanin daidai kunne, a girgiza. Da farko za a ji kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Ba a tsayawa sai ƙarar ta koma kamar ta yashi, ƙarfen ya yi raɓa, yatsu sun fara zafi don sanyi. A zubar da ƙanƙarar kofi, a tace da rariyar shayi. A ƙarshe a yanko ɓawon lemo, a murɗa shi a saman kofin har ɗan mansa ya fesa, a jefa shi ciki.

Na wannan rana ya fito yadda ban taɓa samu ba. Launinsa kamar hantsi a bayan labule, ɗaci da zaƙi da tsami kowa ya tsaya a gonarsa. Na mayar da kwalbar jin bayan garin tuwo, domin Baba ya ce kwalbar da aka bari a kan tebur ita ke kiran kofi na biyu. Na ɗora kofin a kan ɗan teburin falo, na ja kujera.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Na ɗauka Susana ce ta manta mabuɗi, domin maƙwabtanmu na ƙasa ba sa rufe ƙofar gida da rana. Na buɗe ina shirin yi mata tsiya. Toma ne a tsaye, cikin kwat da nakatayal, a gabansa kuma wata gajeriyar tsohuwa wadda babbar rigar sanyinsa ta haɗiye ta har ƙwauri. Zanen Zumunta yana leƙowa daga ƙasa, ƙafafunta cikin safa biyu da takalmin gudu. Tana haki saboda matakala, amma idanunta ba su gaji ba ko kaɗan.

"Salama alaikum," in ji ta.

Na durƙusa har ƙasa. Ban san ko akwai wadda ta taɓa durƙusawa da kyau cikin wandon jins ba, amma na yi iyakar ƙoƙarina.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Sannu da hanya. Yaya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, 'yata. Tashi."

Na raɗa wa Toma, "Ai gobe ka ce."

"Jiya da yamma na bar saƙon," ya ce. "Goben jiya yau ce."

Jiya da yamma ina wurin injin wanki na bakin titi, da na dawo kuma ban kula da fitilar Akawu ba, domin saƙon gidan nan kusan duka na Susana ne. Akawu ta isar da maganar daidai, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ta kuma hallaka mu. Na ji wani irin zumunci da ita a wannan lokaci.

Gwaggo Tagwai ta zauna a kujerar da na ja wa kaina. Muka yi gaisuwa yadda ta kamata: gajiya, gida, aiki, mutanen Bukuru, mutanen Malumfashi, amfanin gona. Tana amsawa tana duban ɗakin a tsanake, daga labule zuwa littafin waƙoƙi da ke kan talabijin, zuwa kwalaben taga, zuwa hoton bango. Toma kuwa ya ga kofin. Na ga lokacin da ya gan shi, domin wushiryarsa ta ɓace.

"Me 'yata take sha a wannan sanyi?" in ji Gwaggo.

Ban kai ga buɗe baki ba Toma ya ce, "Lemo ne, Gwaggo."

Masu karatu, ku lura da kalmar nan. Lemo kalma ce mai faɗin zane. Tana rufe na bishiya, tana rufe na kwalba, tana rufe duk wani abin sha mai launi da ake miƙa wa baƙo a gidan mutunci. A cikin kofin nan akwai lemo mai ɗaci, akwai lemon tsami, ga ɓawo yana iyo a fili. Ko alƙali ba zai kama Toma da ƙarya ba. Ya miƙo mini zanen, abin da ya rage mini shi ne in yi shiru in lulluɓa.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Matakalan nan sun busar mini da maƙogwaro. Miƙo mini."

"Bari a kawo miki ruwa, Gwaggo. Ko shayi mai zafi."

"Ruwa na sha a gida. Lemon nake so."

Ta miƙa hannu. Toma ya dube ni. Na san wannan kallo, irin wanda yake yi wa mai ciwo idan maganin yana da ɗaci: kurɓa ɗaya ce, ba za ta gane ba, daga nan mu wuce wurin. Ya sunkuya, ya ɗauki kofin ta wuyansa yadda na koya masa don kada hannu ya ɗumama shi, ya nufi hannun matar da ta goya shi.

Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi wa kaina ƙarin gishiri. Abin da na gani kawai shi ne kofin Baba yana tafiya da sunan da ba nasa ba. Na ɗora tafin hannuna a bakinsa.

"Gwaggo, kada ki sha. Akwai lemo a ciki, amma jin ne."

"Jin me?"

"Ba jin komai ba, Gwaggo. Sunan giya ne, ta Turawa."

Bututun ɗumama ɗaki yana ta huci a kusurwa. Toma ya mayar da kofin kan tebur a hankali, kamar zai fashe. Gwaggo ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Wa ya shigo da ita gidan nan?"

"Ni na saya, ni na haɗa."

"Yayarki ta sani?"

"Ta sani, ba ta so."

"Wa ya koya miki?"

Na nuna bango. "Mahaifina, Istifanus. Boyi ne, ya zama kuku, ya zama mai haɗa wa Turawan kuza abin sha a Bukuru. Bai taɓa sha ba, ni ce nake sha, kofi ɗaya idan na ga dama. Yau shekararsa huɗu da rasuwa. Babu wanda ya kai shi iya wannan aiki a duk ƙasar Jos, ni kuma babu wanda ya kai ni a cikin 'ya'yansa."

Wannan jimla ta ƙarshe babu wanda ya tambaye ni ita. Ta fito ne da kanta, kuma har yau ban janye ta ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallon hoton. Na jira ta tambayi Toma ko shi ma yana sha. Ba ta tambaya ba, ni ma ban ba da kyautar amsa ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ubangiji ya ba shi hutawa," ta ce. "Toma, mu tafi. Mun gode da karɓa."

A kan matakala suka yi karo da Susana, hannuwanta cike da ledoji. Na ji muryarta tana zuba gaisuwa, na ji yadda gaisuwar ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu. Ta shigo, ta dubi wandona, ta dubi hoton, ta dubi kofin. Ta ajiye ledojin a hankali, warin daddawa ya cika falon. Na gaya mata yadda aka yi.

"Toma ya riga ya ba ki kalmar," ta ce. "Shiru kawai aka nema daga gare ki. Ke da kike yini a ofis kina buga maganar wasu ba ki ce uffan ba."

"Da ta sha fa?"

"Kurɓa ɗaya ba ta kai mutum wuta."

"Ba wuta nake tsoro ba, Yaya. Shekara ashirin da biyar ta tsare bakinta. Ba a ɗakina za a ɓata mata shi ba, kuma ba da hannun Baba ba."

"To ki auri hannun Baba." Ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Na zauna na sha kofina, ko da yake sanyinsa ya tafi. Ba zan ce ban yi kuka ba, akawu ba ya yage shafi. Na yi, a banɗaki, da famfo a buɗe. Safar hannun nan tana rataye a bayan ƙofa, kuma ina son mai ita kamar yadda nake son sa da safe, sai dai yanzu na ga hannunsa ɗauke da kofin, kuma na kasa daina gani.

Ranar Lahadi muka je sujada, ni cikin atamfa mai ruwan zuma, tun da an riga an goge ta. Toma bai zo ba, Gwaggo ba ta zo ba. Mawaƙan maza suka yi ta laluben murya kamar awaki babu makiyayi. A feri Susana ruwa kawai take kallo.

Muna shiga gida muka tarar da fitilar Akawu tana ƙiftawa. Susana ta danna.

"Salama alaikum, masu gida." Muryar Gwaggo ce. Sai shiru, tana jiran amsa. "Salama alaikum. Toma, ba su amsa ba." Daga nesa muka ji Toma: "Ki yi magana kawai, Gwaggo, tana ɗauka." "To. Ina kwananku? Ina gajiya? Yaya sanyi? Yaya Susana da aikin dare? Kun tashi lafiya? Madalla, madalla. To, 'yata Elisabet, abin da ya sa na kira..."

Akawu ta yi ƙara ta katse.

Susana ta zauna a hannun kujera, jakarta a rataye.

"Wannan abu ba shi da tarbiyya," in ji saƙo na biyu. "Salama alaikum kuma. Ina kwananku, na dai riga na tambaya. Ina fata kun je sujada. Ni ban je ba, ƙafa ta hana. To, game da maganar jiya, na kwana ina addu'a, kuma na yanke shawara cewa..."

Ƙara.

"Ya Ubangiji," in ji Susana a hankali.

A saƙo na uku babu sallama. "Allah ya gafarta mini, ba zan gaishe ku ba. 'Yata, tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshinta. Kafin a yi mini baftisma burkutu nake dafawa, kuma ranar kasuwa tukwanena ke fara ƙarewa. Wa zai ɓoye mini giya a cikin lemo? Toma bai gaya miki ba, kunya yake ji, alhali a gindin tukwanen nan ya koyi tafiya. Na miƙa hannu ne in ga wa zai hana ni. Ɗan da na goya ya miƙo mini. Ke kika..."

Ƙara.

Saura ɗaya. A wannan karo babu motsin Toma a bayanta, kuma tana magana da sauri kamar mai karanta sanarwa a majami'a.

"Na kori Toma daga ɗakin, maƙwabciya ce ta danna mini lambar. Kofin nan ban yarda da shi ba, za mu zauna a kansa ni da ke, da Littafi a tsakaninmu. Amma hoton mahaifinki ya tsaya inda yake. Na zo duba ki, na gama. Yanzu ke za ki duba shi. Ya kamo hanya. Idan ya ce miki lemo ne, ki bar shi a waje, sanyi ya koya masa Hausa. Ki kuma ajiye mini kwalba ɗaya ta abin nan na taga, wanda babu jin komai a ciki."

A karo na farko a tarihinta Akawu ta bar mutum ya kai aya.

Susana ta sauke jakarta. "Burkutu," ta ce, kamar mai gwada kalmar a baki. Ta tashi ta nufi kicin, da ta zo daidai hoton Baba ta tsaya, ta sa yatsa ta daidaita shi, ko da yake ni ban ga ya karkace ba.

Ina cikin zaɓen kwalbar da ta fi kyau a taga sai ƙararrawar ƙasa ta yi kuka. Ranar Lahadi maƙwabta sukan rufe ƙofar gida, sai an danna maɓalli daga sama take buɗewa. Na je wurin ɗan akwatin magana da ke jikin bango.

"Wane ne?"

"Toma ne." Iska tana kaɗawa a bayansa, haƙoransa suna haɗuwa.

"Buɗe masa mana," in ji Susana daga ƙofar kicin. "Ƙanƙara ake yi."

"Toma," na ce, "me ke cikin kofin nan na jiya?"

Na ji numfashinsa. Na ji wata mota ta wuce ta cikin ruwan ƙanƙara.

"Jin ne, Elisabet. Jin da mamaled da lemon tsami, haɗin Baba Istifanus. Na gaya wa Gwaggo da bakina cewa ni ma na sha, har sau biyu."

Yatsana yana kan maɓallin buɗe ƙofa. Ban danna ba.

"Sau uku," na ce.